Sarƙar da Kawu Ya Yanke

Ranar Laraba bayan azahar muka kai Kawu makwancinsa. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙerarsa a Bagama. Wutar maƙera a mace take. Tun da na san wurin ban taɓa ganinta a mace da rana ba.

Jama'a sun zo. Maƙera sun zo da sarkinsu. Manoman da ya yi shekaru yana ƙera wa fartanya da garma sun zo daga ƙauyuka, wasu da ƙafa. Matan coci sun biyo Malama, malamar firamare da ke haya a gidanmu, suka shiga wajen Inna, matar Kawu, da ƙwaryar kunu. Inna ba ta yi kururuwa ba. Cewa kawai take yi, "Wa zai dinga ƙwanƙwasa mini tukwane yanzu?" Matan ba su gane ba. Ni na gane.

A can bakin tabarma wani mutum ya zauna shi kaɗai cikin kaki. Na shaida shi. Masinjan ofishin da ke kula da filin wasan yara ne. Ya yi gaisuwa a hankali, bai ɗaga kai ba.

Da aka shafa fatiha sai wani tela daga Kwamba, mai yawan barkwanci, ya ce, "Allah ya jiƙan ɓarawon lilo." Wasu suka rufe baki da hannun riga. Na miƙe tsaye. Sarkin maƙera ya riƙe mini gefen riga ya ce, "Zauna, Soja. Gidan makoki ne." Na zauna. Telan ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Abin da ya dame ni ke nan. Idan ana faɗin magana cikin wasa ranar da aka binne mutum, to ita za ta zauna masa. Jikokinsa za su tashi su ji kakansu maƙeri ne da aka kulle kan satar ƙarfe. Ban yarda ba.

Ban yi makaranta ba, ko ta allo ban yi nisa ba. Malama ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da aka gama yaƙin basasa na dawo gida daga soja babu yatsu uku a hannun dama, babu kuma magana a bakina. Kowa ya gan ni sai ya tambaye ni abin da na gani a can. Kawu bai tambaya ba. Ya kama hannun ya jujjuya shi yadda yake jujjuya fartanyar da aka kawo gyara. Ya ce, "Babban yatsa na nan. Za a yi aiki." Bayan kwana uku ya miƙo mini awartaki, ya ƙera masa zobe a mariƙi, daidai yadda zan zura yatsu biyun da suka rage. Daga ranar ni ke riƙe ƙarfe a wuta, shi yana dukansa. Bai taɓa tuna mini da zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba. Yanzu nake yi, bayan ba ya ji.

Yana da wata 'yar guduma da ba ta barin aljihunsa. Duk ƙarfen da ya wuce sai ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne. Ƙofar masallaci, bodin mota, bokitin mai ruwa. Ya ce mini ƙarfe mai lafiya yana amsawa da dogon sauti, wanda ya tsage kuwa sai ya yi ɗan gunaguni ya yi shiru. Wata rana ya ƙwanƙwasa tukunyar tuwon Inna, ya ce ta tsage, ya ɗauke ta ya ɓoye a maƙera.

Inna ta ce, "Malam, tukunyar da na shigo gidanka da ita?"

Ya ce, "Ita. Ta gaji."

"Ni ma na gaji. Sai ka ɓoye ni."

Kwana biyu tana yi masa miya babu gishiri. Ya ci bai tanka ba, sai a dare na biyu ya suɗe hannu ya ce, "Miyar ma ta tsage." Inna ta je da kanta ta ɗauko tukunyarta. Ba a yi sati ba ta dare a kan murhu, ruwan zafi ya kashe wuta, Allah ya sa ba kowa kusa. Inna ta dube shi ta ce, "Bakinka ne." Har ya bar duniya ba ta janye ba.

Akwai wata doka tasa da duk manomi ya sani. Idan ka zo ka ce garmarka ta karye, zai ce, "Ina take?" Ka ce tana gona. Sai ya ce, "Je ka kawo ta. Ba na gyaran labari." Ko daga bayan dutse ka zo, sai ka koma. A wurinsa duk wanda ke da ƙorafi kan ƙarfe, ƙarfen zai ɗauko ya ajiye a gaban wanda zai gyara. Haka ya tarar ubansa na yi. Wannan dokar ce ta kai shi inda ta kai shi.

Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a kai ga karɓar sunan an ba sabon birni ba. Hukuma ta share wani fili ta kafa wa yara kayan wasa: lilo uku a jere kan sandar ƙarfe ɗaya, da abin sulu na kwano. Yaran gari ba su taɓa ganin irinsu ba. Bayan la'asar wurin ya fi kasuwa cika. An yi damina huɗu ko biyar a haka, ba wanda ya ɗiga wa ƙarfen ko man gyaɗa.

Kawu yana da jika, 'yar ɗansa, ba ta wuce shekara shida ba. Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsohon miji. Ita ta ja shi filin. Ina biye da su. Ta hau lilon tsakiya ta ce, "Tsohon miji, tura ni, ko ƙarfinka ya ƙare?" Ya tura sau ɗaya. Ya tura sau biyu. A na uku sai ya kama sarƙar ya tsayar da ita cak.

"Sauko, amarya."

"Ban gama ba."

"Kin gama."

Ya ce in durƙusa. Ya taka bayana, tsoho da shi, ya miƙa hannu sama inda sarƙa ke rataye a ƙugiya. Ya ƙwanƙwasa. Ni ma da nake ƙasa na ji sautin, babu rai a cikinsa. Ya sauko ya ce, "Ƙugiyar ta cinye. Abin da ya rage bai fi tsinken tsintsiya ba. Sauran biyun ma suna kan hanya." Ƙarƙashin lilon kuwa ba yashi ba ne, tsakuwa ce da daɓen siminti da ya farfashe. A yaƙi na ga kan mutum ya haɗu da abu mai tauri. Na san yadda yake ƙarewa.

Kawu bai yi gaggawa ba, a rubuta wannan. Wajen mai unguwa ya fara zuwa. Mai unguwa ya ce filin ba a hannunsa yake ba, ya kwatanta masa ofis. Muka je ofis. Masinja ya tare mu a baranda ya ce, "Baba, a nan ba a kawo ƙara da baki. Sai a rubuce." Muka dawo gida Malama ta rubuta. Ta karanta masa, ya ce ta ƙara cewa ƙugiyar tsakiya ta fi gaggawa. Muka kai. Akawu ya karɓa, saurayi ne mai farin gilashi, ya buga hatimi ya ce za a duba.

Akwai wani benci a barandar ofishin. Duk Litinin Kawu ya kashe rabin yini a kansa. Ya bar wuta, ya bar manoma suna jira. Idan akawu ya fito sai ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, maganar lilo."

"Baba, takardarka tana cikin fayil."

"Yaran kuma suna kan lilo."

Wata Litinin akawun ya gaji ya ce, "Baba, injiniya ne ya kafa abin nan. Ƙarfen daga Ingila aka kawo shi, ba irin naku na fartanya ba ne."

Kawu ya ce, "Tsatsa ba ta san Ingila ba, ɗana."

Ana cikin haka aka yi sauye-sauyen hukuma, aka canza allon da ke ƙofar ofis. Aka ce takardarmu da tsohon suna aka rubuta ta, sai an sake wata. Malama ta sake. Ta ce, "Baba, ni ma 'yan ajina suna zuwa wurin. Ko goma ne zan rubuta." Ta sa hannu ita ma a ƙasan dangwalen yatsansa.

Wata safiya ina hura wuta ya ajiye masaba ya ce, "Soja, laifinmu ne."

Na ce, "Kamar yaya, Kawu?"

"Labari muke ta kai musu. Ni idan aka kawo mini labari ina gyarawa? Yaron nan bai ga ƙarfen ba. Ɗauko kurfin datse ƙarfe."

Na san akwai matsala a ciki. Na yi aikin gwamnati, na san ba a taɓa kayanta. Amma na ɗauko kurfin, don a ganina gaskiyarsa ce. Da hantsi muka je, ido na ganin ido, masu tallan goro suna kallo. Na riƙe, ya datse sarƙar lilon tsakiya daga sama da bugu biyu kacal, ya zare ƙugiyar a hankali don kada ta karye a hannunsa. Ya naɗe ta a hularsa. Sarƙar da katakon zama ya saɓa a kafaɗa. Ta cikin kasuwa muka bi, tana ƙara a bayansa. Wanda ya zo sata ba ya bi ta cikin kasuwa da hantsi.

Bai tsaya a benci ba ranar. Ya wuce masinja ya shiga, ya sauke sarƙar a kan teburin akawu, kan takardu. Tsatsa ta zuba ko'ina. Ya ce, "Ga shi na kawo. Duba."

Akawun bai duba ba. Ya ja da baya ya ce, "Ka san abin da ka yi? Ka lalata kayan hukuma. Ka sace." Ya aiki masinja ya kira ɗan sanda. Masinjan ya tsaya jim, sannan ya tafi.

Na so in yi wani abu da hannuna mai lafiya. Kawu ya dube ni ya ce, "Koma ka kashe wuta, kada gawayi ya ƙone a banza." Ban koma ba. Na zauna a ƙofar inda suka rufe shi. Daga hantsi har la'asar. A nan ya yi azahar, aka miƙa masa buta ta taga.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Wai maƙeri ya kwance lilon gwamnati zai ƙera lauje da shi. Babu abin da ya fi wannan muni ga maƙeri. Mutane suna barin ƙarfensu a wurinka su tafi wata guda, amana ce kawai ke riƙe da sana'ar. Sarkin maƙera ya zo da kansa, Malama ta baro makaranta da alli a hannunta, mai unguwa ma ya zo. Aka shigar da mu gaban babban jami'in ofishin, wani dattijo mai furfura.

Ya ce, "Malam, me ya kai ka?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. A ba ni hulata da aka karɓe."

Aka ba shi. Ya warware ta ya ɗauko ƙugiyar. Bai miƙa wa babban ba. Akawun ya miƙa wa.

"Ɗana, hannunka na biro ne, ba na masaba ba. Lanƙwasa wannan."

Akawun ya dubi maigidansa. Maigidan ya ɗaga masa kai. Ya kama da yatsu, kamar mai ɓare gyaɗa. Ko ƙarfi bai sa ba. Ta ɓalle gida biyu, garin tsatsa ya zuba masa a farin wando.

Can Kawu ya ce, "A kan wannan jikata take tashi sama. Da 'ya'yan kowa."

An sake shi. Amma ba a ce ya yi daidai ba. Babban ya ce niyyarsa mai kyau ce, hanyar ce ba ta da kyau, kuma idan ya sake taɓa ƙarfen hukuma kotu za ta raba su. Kawu ya ce ya ji. Ya tambayi yaushe za a sauke sauran biyun. Aka ce sai an rubuta sama, an amso.

A hanyar gida sarkin maƙera ya ce masa, "Ka ja mana magana." Kawu ya ce, "Na ja. Ka yi haƙuri." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Abin da ya fi yi masa ciwo ba kullewar ba ce. Yara ne. Su dai sun san tsoho ya ɗauke musu lilo. Idan ya wuce sai su bi shi suna tafi suna kiran ɓarawon lilo. A bakinsu sunan ya fara. Amaryarsa ma ta daina shiga maƙera. Ya saya mata alewa ta ƙi karɓa. Ta ce, "Na sake ka. Ƙawayena sun ce mijina ɓarawo ne." Mutanen gida suka yi dariya. Shi ma ya yi. Amma ranar na ga ya bugi ƙarfe ɗaya har ya wuce misali, sai da na janye awartaki.

An hana shi taɓa ƙarfe, ba a hana shi zama ba. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin lilo biyun da suka rage, daidai inda ƙafar yaro za ta wuce. Ya zauna da carbinsa. Ba ya tsawa, ba ya kora. Yaro ya zo sai ya ce, "Idan za ka hau, sai dai ka shure ni." Ba wanda ya shure shi. Wasu iyaye sun zo sun yi masa faɗa, wai ya mai da filin gwamnati gidansa. Ya ce su hau da kansu su gwada, zai matsa musu. Babu wanda ya hau. Ranar da ƙirjinsa ya hana shi fita, ni nake zuwa in zauna. Litinin kuma yana kan bencinsa. Haka aka yi tun daga kaka har ruwan farko.

Sannan wata rana mota ta zo da ma'aikata. Suka sauke komai, suka sa sababbin ƙugiyoyi da sarƙa, suka zuba yashi a ƙasa. Ba wanda ya aiko wa Kawu da ko sannu. Da suka tafi ya ce in durƙusa. Ya taka bayana, numfashinsa ya fi na da nauyi, ya ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Uku duka suka amsa. Ya sauko ya naɗe buzunsa ya ce, "Je ka kira mini matar nan da ta sake ni." Ta zo tana cin magani. Ya ɗora ta a na tsakiya ya tura. Tana sama ta ce, "Na mai da kai." Ya ce, "Sai na yi shawara."

Babu yaron da ya faɗo a filin nan. Babu wanda ya karye, babu wanda aka binne. Shi ya sa ba abin da mutane za su tuna sai tsoho da sarƙa a kafaɗa da ɗan sanda a bayansa. Da yaro ya mutu, da yanzu ana cewa Kawu ya faɗa ba a ji ba. Shi ya zaɓi a kira shi ɓarawo.

Da aka sauya wa garin suna ya koma Suleja, mutane suna ta surutu a kai. Kawu ya ce shi bai damu ba, ko me aka kira garin, damina za ta zo ƙarfe ya yi tsatsa. Bai daina zuwa filin ba. Duk wata sai ya je da gudumarsa.

Kwana tara kafin ya cika ya kira ni bakin gadonsa. Ya ce, "Abin sulu. Kwanon ya ɗaga a ƙasa, gefen hagu. Ya yi kaifi kamar aska. Malama ta rubuta, takardar tana cikin hulata." Ya huta, sannan ya ce, "Kada ka yanke komai, Soja. Ni tsoho ne suka sake ni. Kai za su riƙe ka." Ya laluba aljihu ya ba ni gudumar.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, masinjan nan ya matso kusa da ni. Ya ciro wani abu naɗe a takarda ya ajiye a gabana. Na buɗe. Ƙugiyar ce, gida biyu.

Ya ce, "Akawu ya ce in kawo. Tun ranar tana cikin durowarsa. Ya ce kunya ta hana shi zuwa." Sannan ya ce, "Ni na kira ɗan sandan. Kuma 'ya'yana biyu a filin nan suke wasa."

Na ce, "Aike ka aka yi."

Na sa an kira telan Kwamba. Na ɗora masa guntayen ƙugiyar a tafin hannu. Na ce, "Ga abin da ya sata. Ka nuna wa duk wanda ka ba labarin." Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah ya yafe mini, Soja." Na ce amin. Yanzu ƙugiyar tana rataye a ƙofar maƙera, inda duk mai kawo fartanya zai gan ta ya tambaya.

Na dubi masinjan na ce, "Bencin yana nan?"

Ya ce, "Yana nan."

"To ka gaya wa akawu Litinin ina tafe. Takarda ce, a rubuce, da sunan da ke kan allonku na yanzu. Ba zan taɓa ƙarfensu ba. Amma buzun Kawu yana hannuna, kuma a yaƙi na yi zaman rami wata da watanni ana ruwa a kaina. Benci ba zai gajiyar da ni ba."

Allah ya jiƙan Kawu. Ya sa ƙasa ta yi masa laushi kamar yashin da ya sa aka zuba wa 'ya'yan mutane. Ya ba Inna haƙuri. Mu kuma ya ba mu kunnen da ya bari.

Jiya bayan la'asar na shimfiɗa buzun a gindin abin sulu, gefen hagu.